Mamana, kar ki ajiye mashin nan tukuna

Mamana, ya karatu, ya sanyi? Ummanki ta ce min kin kira ta kina kuka wai kin sake zuwa ta uku a jifan mashi, har kin ce ke kam kin haƙura. Na so in kira ki amma na san a waya ba za ki bar ni in kai ƙarshen magana ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

A 2009, ke ko makaranta ba a sa ki ba, na zauna kallon gasar duniya ta guje-guje da tsalle-tsalle da aka yi a Berlin, ni saboda Usain Bolt na kunna talabijin, a nan ne ma ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58, amma wallahi abin da ya tsaya min a rai har yau wata Bajamushiya ce mai jifan mashi, mai suna Steffi Nerius. Shekararta 37 a lokacin, kuma ta riga ta ce daga wannan shekarar ta gama. Kin san tarihinta a gasar duniya kafin ranar? Ta uku a 2003, ta uku a 2005, ta uku a 2007. Sau uku a jere fa Mamana, irin naki sak. A Olamfik ma ta huɗu ta zo a 2000, sai a 2004 ta samu azurfa, a 2008 ta koma ta biyar.

To ranar nan a gaban mutanen ƙasarta, ga Barbora Spotakova ta ƙasar Cek a fili wadda ke riƙe da tarihin duniya na mita 72.28, kowa ya sa ido a kanta, sai matar nan ta ɗaure ƙyallenta a goshi kamar yadda ta saba, ta sheƙo da gudu, jifan farko ya sauka mita 67.30. Aka yi ta jifa har zagaye na shida babu wadda ta kamo ta. Ni da ke zaune a falo sai da na miƙe tsaye.

Amma abin da ya fi burge ni sai daga baya na ji shi. Da ta yi ritaya ba ta koma gida ta zauna tana goge zinarenta ba, ta ci gaba da horar da naƙasassun 'yan wasa a kulob ɗinta na Leverkusen. Ita ce ta horar da Markus Rehm, wanda ya rasa ƙafarsa ta dama yana ɗan shekara 14, ya zo ya ci zinare a dogon tsalle a gasar Olamfik ta naƙasassu a 2012, ya kuma maimaita ba sau ɗaya ba.  Ni a ganina shekarun da ta yi tana zuwa ta uku su ne suka koya mata yadda ake riƙe ɗan wasa in ransa ya ɓaci.

Ban ce dole sai kin ci zinare ba, wannan na Allah ne. In kin daina son wasan ne ki faɗa min gaskiya, ba zan matsa miki ba, amma in haushin ta uku ne kawai to ban yarda ba. Ki koma atisaye ranar Litinin, ki nuna wa malaminku kafaɗar nan da kika ce tana miki ciwo, kar ki ɓoye. Kuɗin takalmin zan turo ƙarshen wata in sha Allah.

Allah ya yi miki albarka.

Abbanki