Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan lambunan gilashin da suka lalace

Assalamu alaikum, abokan cinikinmu masu daraja.

Koke-kokenku sun iso mana. Wasunku sun ga farar fumfuna ta rufe ƙasar da ke cikin kwalbar da muka shuka muku tsirrai a ciki, wasu kuma ganyen tsironsu mai suna Fittonia ya yi laushi ya kwanta, gindinsa ya yi baƙi. Mun ji har ana cewa ba mu iya aikin ba. Maganar ta yi mana zafi, ba za mu ɓoye ba, shi ya sa muke so ku ji yadda abin yake.

Matsalar daga ƙasar shuka ta fito. Mai kawo mana ita ya canza haɗinsa bai sanar da mu ba, buhu iri ɗaya, rubutu iri ɗaya. Tsohuwar tana da zaren kwakwa da yashi mai manyan ƙwayoyi, ruwa na ratsa ta ya wuce. Sabuwar laka ta yi mata yawa, idan ta sha ruwa sai ta cure ta riƙe shi. Da a tukunya mai huda a gindi ne, babu wanda zai lura. Amma kwalba ba ta da mafita, duk ruwan da ya shiga yana nan, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Kuma a bushe, ido ba ya bambance ƙasar biyu. Sauran shimfiɗar ba mu taɓa ta ba: tsakuwa santimita 2 zuwa 3 a gindi, siririn gawayi a kanta don ya tsotse wari, ƴar raga da ke hana ƙasa gangarawa, sannan ƙasar kanta kamar santimita 5 zuwa 7.

Ga wanda nasa bai riga ya mutu ba, ku duba gilashin da safe. Ɗan gumi a gefe ɗaya, wanda ke gushewa kafin rana ta take, alamar lafiya ce. Idan kuwa ruwa na tsiyaya a jikin gilashin yini guda har ba a ganin ciki, a cire murfin a bar shi buɗe kwana ɗaya ko biyu, a goge cikin da kyalle mai tsabta. Ganyen da ya ruɓe a yanke shi da almakashi a fitar, kada a bari ya faɗi a ƙasa, shi ne abincin fumfuna. Ita fumfunar a ɗebe ta da auduga a kan tsinke. Idan kuka ga ruwa ya taru ya haura tsakuwa, ko kuka ji wari kamar na kwata, buɗe murfi ba zai wadatar ba, sai an sake ƙasar gaba ɗaya.

Don Allah a rage ban ruwa. Rufaffen lambu yana shayar da kansa, abin da wani likita na Landan, Nathaniel Ward, ya lura da shi ke nan tun 1829. Lambun yana iya yin watanni ba a ƙara masa komai ba. In ƙasa ta bushe kuma gumin ya ɗauke, ƙaramin cokali biyu ko uku na ruwan sama sun isa ga kwalba madaidaiciya, ruwan famfo yana barin farin tabo. Taki ba ya cikin lissafi. Kada kuma a ajiye lambun inda rana ke dukan gilashin kai tsaye, dafa tsiron za ta yi. Masu kaktus, wato tsiron hamada mai ƙaya, a buɗaɗɗen gilashi, naku ba a rufe shi ko kaɗan.

Muna kan magana da mai kawo kayan, muna kuma duba yadda za mu yi da waɗanda nasu ya riga ya lalace. Za ku ji daga gare mu in sha Allah.

Hajiyoyinmu da ke tare da mu tun muna haɗa kwalba a kan tebur ɗaya, da ofisoshin da suka damƙa mana adon ɗakunansu shekara da shekaru, da waɗanda suka kira a sirrance maimakon su fallasa mu, mun gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kun san irin aikin da muka saba miƙa muku. Muna roƙo ku yi mana haƙuri, kada ku juya mana baya a kan buhunan ƙasar da ba mu muka haɗa ba.

Naku,
Dukkan ma'aikatan shago