Daren da kububuwa ta sari autan Yaya

Assalamu alaikum Dogo,

Ya Kumasi, ya madam da yara? Nasan zaka ce sai yau na tuna da kai, to kai ma tun babbar sallah ko filashin baka min ba, wato an zama Alhajin goro an manta da mu ƴan ƙauye ko? Dama akwai maganar da nake son yi maka amma bari in fara da abin da ya hana ni barci satin nan.

Ranar Talata wajen ƙarfe 11 na dare autan Yaya ya fita zai kewaya, ba takalmi ba tocila, ga shi kaka ce mun tara dawa da gyaɗa a tsakar gida ɓeraye ko'ina, kawai sai muka ji ihu. Kububuwa ce ta sare shi a ƙafa. Wallahi Dogo jikina har yanzu rawa yake in na tuna. Na ruga asibitin sha-ka-tafi ɗin nan namu na tarar da kwaɗo a ƙofa, tun la'asar an tashi, malamin asibitin a cikin gari yake kwana saboda babu ɗakin da zai zauna a nan, na kira wayarsa yafi sau goma ba sabis. Kafin in dawo Goggo ta ɗauko igiya da reza za a ɗaure a tsaga, ni da Yaya muka hana, don an sha faɗa mana ɗaurin nan da tsagar lalata ƙafa suke, balle dafin kububuwa da yake tsinka jini, ka tsaga jinin ba zai tsaya ba. Har yau fushi take da ni.

Sai maganar mota. Mota ɗaya ce a garin kamar yadda ka bari, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mai kwana da mai a tanki, sai da muka taso ɗan bumburutu daga barci ya auna mana galan, sannan muka kama hanyar Kaltungo ta jihar Gombe inda asibitin saran maciji yake, ga ramuka, ga yaro a cinyata ina riƙe ƙafar kar ta motsa, uwarsa tana ta salati a baya. Kafin mu isa dasashinsa ya fara jini. Biyu ta wuce muka shiga asibitin saran macijin, kuma Allah ya saka wa ma'aikatan nan da alheri, idonsu biyu. Suka ɗebi jininsa a ƴar kwalba suka ajiye minti 20, bai daskare ba, nan take aka sa masa maganin dafin ta jijiya. Bayan awa 6 aka sake gwadawa, da na ga jinin ya kama sai da na yi sujjada a wurin. Gadon kusa da mu wani makiyayi ne daga Taraba, kwana uku ana masa na gida kafin a kawo shi, ƙafar ta kumbura har cinya.

Af, ka ji Ladan ya ƙara aure? Ƴar gidan mai shayi, wadda kake tsokana da ƙanwarka. Kuma tsohon mashin ɗinka har yanzu yana ɗakin Baba kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, in baka so ka faɗa a sayar.

Abin da ke cina shi ne mu mun samu galan da mota, to mai naƙuda fa da tsakar dare a damina in rafi ya kawo? Bayan Juma'a mun zauna da Mai Unguwa, mun yanke za mu gina wa malamin asibitin ɗaki ɗaya da banɗaki a jikin asibitin mu sa masa sola, sannan a riƙa ajiye jarkar mai a gidan liman wadda ba mai taɓawa sai larurar dare. Bulo mu zamu buga da kanmu, kwano da siminti ne matsalar, na riga na rubuta sunanka a kan kwano bandir ɗaya, kar ka ce ban faɗa maka ba.

Yaron an sallamo shi jiya, yana ɗingishi kaɗan, na sayo masa takalmin roba da tocila. Ka gaida madam, Goggo tace ka aiko mata da goro fari.

Naka,
Abokin ƙuruciya