Za su kai min miji gidan mari, sun ce ba ni da ta cewa

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya haƙuri da mu masu sauraro? Allah ya saka da alheri. Don Allah idan za ki karanta wasiƙar nan ki sakaya sunana, ki ce wata baiwar Allah ce daga Funtuwa, domin dangin maigidana suna jin shirin nan, musamman ƙanwarsa da ba ta da sana'a sai kai magana daga wannan gida zuwa wancan.

Anti, ranar Asabar ɗin nan za a zo da mota a ɗauki baban yarana a kai shi wurin wani malami a ƙauye. Yayansa ne ya yanke. Jiya bayan la'asar ya zo ya tsaya a zaure, ko shigowa bai yi ba, ya aiko yaro wai in haɗa masa kaya kala biyu da bargo. Na fita na durƙusa na gaishe shi, na ce Yaya ai yana kan magani. Ya ce wane magani, wanda ya mai da shi gunki? Ya ce ba shawara ya zo nema ba, tunda ni ma zamana a gidan sai an duba. Zan zo kan wannan maganar.

Maigidana tela ne, kuma ba yabon kai ba, duk layinsu babu mai hannunsa a babbar riga da kaftani. Mutum ne mai kunya, ba ya zaman majalisa, daga shago sai masallaci sai gida. Ko sigari bai taɓa sha ba. Na faɗi wannan ne saboda abu na farko da Yaya ya ce lokacin da ciwon ya fara shi ne wai a bincika ko yana shan kodin ko taramol. A lokacin ne gwamnati ta hana kodin, a 2018, ko'ina maganar ke nan, duk wanda ya yi wani abu daban sai a ce ɗan ƙwaya ne. Ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya, ka fara da wannan zargin a gaban mutane!

Abin ya faro ne da rashin barci, daf da ƙaramar salla. Kin san yadda teloli suke a goman ƙarshe, kwana ake a kan keke. Na ɗauka gajiya ce. Salla ta wuce, barci bai dawo ba. Sai ya zauna a bakin gado har asuba yana kasa kunne, in na yi magana ya ce in yi shiru, ana zancensa a bayan katanga. Ya kwaso ƙyallayen shago ya toshe duk wata kafa ta taga da ƙarƙashin ƙofa. Wayarsa ya naɗe a leda ya jefa cikin randa, wai ta nan ake jin abin da ke zuciyarsa. Wata rana na tarar ya cusa auduga a kunnuwa biyu, yana zaune yana hawaye, ya ce min, "Ki ce su daina, na gaji." Anti, wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ce iskanci ba ne.

Innarsu ta ce sammu ne. Da farko ta ce abokan sana'a ne, daga baya maganar ta juyo kaina, wai tun da ya auro ni ya daina kai mata cefane kamar da. Ni da nake dafa abinci in aika mata kullum! Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yanka baƙin bunsuru. Ni ban hana ba, kuma har yau ban hana addu'a ba, ni ma ina tofa masa Falaƙi da Nasi kowane dare. Wani ƙaramin asibitin kuɗi kuma suka ce taifot ce ta hau masa kai, suka yi ta ɗura masa ruwa, kuɗin adashina duka a can suka tafi. Sai da wata maƙwabciyarmu, tsohuwar nas, ta ja ni gefe ta ce in bar ɓata lokaci, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne. Ni na sayar da ɗan kunnena na zinare, ni da ƙanina muka kai shi. Cikin danginsa babu wanda ya bi mu, wai kada a gan su a asibitin mahaukata.

Likita ya ce ciwon sunansa sikizofireniya, ya rubuta min a takarda don in riƙe. Ya ce yawanci yana bayyana ne daga samartaka zuwa wajen shekara talatin, mai shi yana jin muryoyin da babu su, yana gaskata abin da ba haka ba ne, kuma ana iya zama lafiya da shi in an riƙe magani. Iyakar bayanin da na samu ke nan, domin layi ya kai har bakin baranda, likita ɗaya ne, kafin ka gama gaisuwa an kira na bayanka. Ban ga laifinsa ba, amma wallahi Anti an sallame mu da ledar magani ba tare da an gaya min abin da zan gani ba. Bayan kwanaki wuyansa ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, yana tafiya kamar an ɗaure shi da igiya. Inna ta zo ta gani ta ɗora hannu a ka, ta ce na kai mata ɗa an ƙarasa shi. Ashe maganin da aka ba shi, halofaridol, shi ne ke yin haka, kuma akwai wani ƙaramin magani, Artane, da ake haɗawa da shi don ya saki jiki. Da wani ya ɗauki minti biyar ya zaunar da mu, da ni da Inna da Yaya, ya ce ga abin da zai faru kada ku tsorata, da ba a shafa min wannan kashin kajin ba. Har yau shi ne hujjarsu.

Daga baya aka canza masa zuwa olanzafin. Ya sa shi barci da yawa, ya sa shi ƙiba har sai da ya buɗe rigunansa, amma Anti ya dawo mutum. Ya koma shago, ya ɗauki yara masu koyo, ya biya bashin da aka ci. Shekaru muka yi lafiya lau. Duk wannan lokacin babu wanda ya ce min sannu. Ni ke ƙirga ƙwayoyi, ni ke tuna ranar komawa asibiti, ni ke tashi in ya yi juyi da dare in duba ko barci yake ko kasa kunne yake. Da azumi na tambayi nas, ta ce tunda sau ɗaya ne da dare babu matsala, ya sha bayan tarawihi. Ko wannan ni na bi na tambayo.

To tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kuɗin mota zuwa asibiti ya ninka, magani ya ninka. Na je wurin Yaya, mutumin da ke da shagon hatsi da motar haya, na ce a taimaka da na wata ɗaya. Ya ce shi ba ya zuba kuɗi a abin da ba ya ƙarewa, in magani ne na gaskiya me ya sa har yau bai warke ba? Na ce Yaya ai Inna ma tana shan na hawan jini kullum, ba a ce ta daina ba. Wannan ce rashin kunyar da ake ta yaɗawa na yi masa. Ki gaya min, ina rashin kunya a nan?

Da abin ya matse sai na riƙa raba ƙwayar biyu don ta kai ƙarshen wata. Duk wadda ke matsayina haka za ta yi, da babu gara ba daɗi, ga yara uku da kuɗin makaranta, ni kuma awara kawai nake soyawa a ƙofar gida. Shi ma kansa ya fara cewa ya warke, Yaya na zuga shi a shago cewa ƙwayoyin Bature ne ke kashe masa jiki. Ashe ma ya daina haɗiyewa, sai da nake shara na ga su a bayan gado. Saboda haka in ana neman wanda ya jawo, a fara da mai zuga.

Na manta ban faɗa miki ba, ina da ciki, ya tsufa.

Makon jiya ne abin ya dawo gaba ɗaya. Ya ƙi cin abincina, ya ce na zuba wani abu. Ya ɗauki almakashin ɗinki ya zauna da shi a bakin ƙofa, ba wai ya yi kan kowa ba, cewa yake yana gadinmu daga masu zuwa. Bai taɓa ɗaga min hannu ba, ko yara, in ban da turewar da ya yi wa babban da ya je karɓar almakashin, shi ma tsautsayi ne goshinsa ya bugi murfin ƙofa. A cikin wannan hayaniyar, maƙwabta sun cika tsakar gida, ya nuna ni ya ce, "Ke ba matata ba ce, an canza ki, na sake ki." Idonsa ma ba a kaina yake ba. Washegari da ya ɗan lafa ya kira ni da sunan da yake kirana, ya ce in ba shi ruwa, bai san ya faɗi komai ba.

Wannan ce maganar da Yaya ya riƙe. Mutumin da ke cewa ƙaninsa ba ya cikin hankalinsa har sai an kai shi an ɗaure, shi ne kuma ke cewa sakinsa ya yiwu. Ta yaya biyun za su haɗu? A Islamiyya an karantar da mu cewa an ɗauke alƙalami daga kan mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Na faɗa wa Inna haka, ta ce ni ba malama ba ce. Ni dai na san abin da suke so. Gidan nan gado ne, ba a raba ba, kuma Yaya ya daɗe yana cewa ɗansa zai yi aure babu ɗaki.

Kuma akwai abin da suke ɓoyewa. Wata tsohuwa a danginsu ta taɓa gaya min cewa ƙanin babansu haka ya yi, a turu ya ƙare rayuwarsa a bayan gida. Lokacin neman aurena babu wanda ya ɗaga wannan. Yanzu ni ce mai sammu. Dare da yawa ina kallon yaran nan suna barci ina tunanin ko su ma yana jiransu, musamman babban, da ya zama shiru-shiru tun abin da ya faru, ya daina fita ƙwallo saboda ana ce masa ɗan mahaukaci. Likitan da kika gayyato kwanakin baya ya ce ciwon yana bin jini wani lokaci amma ba dole ba ne, sai wuta ta ɗauke ban ji ƙarshen bayanin ba. Don Allah ki sake tambayar min shi.

Game da malamin nan, Yaya ya ce ba gidan mari ba ne, wurin karatu ne da addu'a. Na tambayi matar da ɗanta ya taɓa zama can, ta ce ƙafarsa har yau da tabon ƙarfe, kuma sharaɗin farko shi ne a bar maganin asibiti. Ni ban manta 2019 ba, da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sake samun irinsa a Daura, nan jiharmu. Su ma iyayensu addu'a aka ce musu za a yi. Na ji an ce Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Shin dokar nan tana da abin da za ta yi wa irina? Wa zan kai wa ƙara, mai unguwa ko Hizba ko 'yan sanda? In na kai ƙarar yayan miji kuma, da wane ido zan sake shiga gidan Inna?

Babana ya aiko in taho gida in haihu, in bar musu ɗansu su yi yadda suka ga dama, tunda ba su san mutunci ba. Mamata kuma ta ce in na taka ƙafa na fita, na tabbatar musu da sakin da kaina. Ni kuma na gaji, Anti. Ban yi barcin kirki ba tun makon jiya, ƙafafuna sun kumbura, jiya na tsinci kaina ina yi wa ƙaramar tsawa a kan ruwan da ta zubar. Wani lokaci in ji kamar in kwashi yarana in tafi inda ba a san mu ba. Sai kuma in tuna in na tafi babu mai sa masa ƙwayar nan a baki.

Ƙanina ya ce in na yarda mu riga su, mu ɗauke shi ranar Juma'a da sassafe mu kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna a ba shi gado, ko na Dawanau a Kano inda muke da 'yan uwa kusa. Ya ce ya ji akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, wadda ba sai an yi ta fama da haɗiya ba. Amma kuɗin gado fa? Kuma in ya ƙi shiga mota, mu ma ɗaure shi za mu yi? To me ya bambanta mu da Yaya? Sannan in ya warke ya ji ni ce na sa aka danne shi a gaban yaransa, zai yafe min?

Don Allah ki karanta wannan kafin Juma'a. Ki gaya min ko akwai wani likita ko nas da zai yarda ya yi wa Inna bayani ko ta waya ce, ita tana jin maganar manya, tawa ce ba ta ji. Ki kuma tambayar min malamai, don ni abin da ya fi tsaya min ke nan: yanzu haka da nake kwana a ɗakin nan ina dafa masa abinci, matarsa ce ni ko ba matarsa ba?

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai sauraronki daga Funtuwa.