A Sa Mana Faifan Cliburn Ma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bibiyar shirinku na kiɗan gargajiyar Turai na daren Lahadi, ina kuma yi muku fatan alheri. Na rubuto ne a kan zaɓen da mai gabatarwa ya yi, inda ya ce a duk faya-fayan da aka ɗauka na babban kiɗan piyano na farko na Tchaikovsky, mai tsara kiɗa ɗan Rasha, na makaɗin piyano Vladimir Horowitz da surukinsa, jagoran makaɗa Arturo Toscanini, ne kan gaba. Da girmamawa nake cewa ban yarda ba.

Ba mai musun gwanintar Horowitz. Wasan da suka yi a zauren Carnegie na New York a 1943, don tara kuɗin yaƙi, wuta ce tsagwaronta, hannunsa har ba ya ganuwa. Amma saurin ya yi yawa. Shi wannan kiɗa tafiyarsa irin ta mawaƙi da 'yan amshi ce: piyano ya faɗa, taron makaɗa su karɓa. A wancan faifan kuwa kowa tsere yake yi, ba mai jiran ɗan'uwansa.

Ni dai nawa shi ne na Van Cliburn, ɗan Texas da ya je Mosko yana shekara 23 ya lashe gasar Tchaikovsky ta farko a 1958, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Da ya koma Amurka, ya ɗauki kiɗan a wannan shekarar tare da Kirill Kondrashin, jagoran makaɗan da ya raka shi a gasar, kuma faifan ya sayu fiye da miliyan ɗaya. Ku saurari farkon kashi na biyu, wurin da sarewa ke shigowa ita kaɗai a hankali. Cliburn yana karɓar karin daga bakinta ba garaje, yana barin kowane sauti ya gama fita kafin na gaba ya biyo. Ko a kashin ƙarshe, inda makaɗa da yawa ke rufe ido su afka, shi za ka ji kowane bugu daram. Kuma a tuna, wannan kiɗan ne Nikolai Rubinstein, gwanin piyano na Mosko, ya kushe tun kafin a fara kaɗa shi, har Tchaikovsky ya ba wani makaɗin piyano, Hans von Bülow, ya buɗe shi a Boston a 1875. A hannun Cliburn nake jin taushin da Rubinstein bai ji ba a ranar da ya kushe shi.

Mai son zafi kuma, ga na Martha Argerich na 1980, ita ma da Kondrashin. Tana da wutar Horowitz, amma tana sauraron abokan kiɗanta.

Roƙona shi ne ku ware dare guda ku sa mana na Horowitz da na Cliburn a jere, kowanne cikakke ba yanke, sannan ku buɗe layi masu sauraro su faɗi nasu.

Naku mai sauraro,
daga Zariya