Albashin malaman makarantun kuɗi a Legas: ga inda gizo ke saƙar

Malam Edita,

Muna so mu ja hankalin iyaye a Agege, Idi-Araba da Mile 12 kan albashin masu koyar da 'ya'yansu.

Malamin gwamnati yana kan matakin albashi, ga ƙarin girma da fansho, ga ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT, mai tsaya masa. Tun 2024 mafi ƙarancin albashin ma'aikatan gwamnatin Jihar Legas naira 85,000 ne, na tarayya 70,000. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ƙananan makarantun unguwa nan suka faɗa.

A yi lissafi. A ce aji yana da yara 20, kowanne 25,000 a zango: 500,000 ke nan, da za a raba wata huɗu, har da hutu. Daga 125,000 ɗin wata za a cire hayar gini (a Legas kuwa!), man janareta, mai gadi, haraji da ribar mai makaranta. Wannan idan kowa ya biya, alhali wasu iyayen sai an koro yaro da jakarsa kafin su kawo rabi. Abin da ya rage shi ne na malami. Wasu ma ba a biyansu watan Agusta, wai ba aiki ba kuɗi.

Ga masu digiri da NCE (takardar shaidar koyarwa) birjik suna neman aiki, wanda ya yi ƙorafi a sallame shi. Shi ya sa malami kan gudu tsakiyar zango.

Kafin iyaye su biya, su tambayi malamai nawa suka shekara biyu a makarantar.

Wasu tsofaffin malamai,
Agege, Legas