Zuwa ga Alhajin da digar maginansa ta lanƙwashe

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar ka bugo waya a shirin rediyo ka tambaye ni: tunda masu haƙa harsashin gidanka a wajen Kalambaina, kusa da Sakkwato, sun ci karo da dutse har diga ta lanƙwashe, me zai sa injiniya ya nemi kuɗin gwajin ƙasa? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na biyo ka da wasiƙa.

Dutsen yankinku farar ƙasa ce, irin wadda kamfanin siminti ke fasawa tun 1967. Ta kwanta ne a ƙarƙashin teku shekaru miliyoyi da suka wuce, har yau ana tsintar ɓawon dodon koɗi a cikinta. Guntunta guda yana da ƙarfi, ban musa ba. To amma gida ba a kan guntu guda yake zama ba. Dutsen hawa-hawa yake kamar an jibge tabarmi, tsaguwa ta ratsa shi ta ko'ina. Dutse kuwa gwanin jure danni ne, amma in aka ja shi ko ƙarƙashinsa ya zama fanko, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa kawai yake da shi.

Ta tsaguwar nan ruwan damina ke bi. Yana da ɗan tsami, yana lasar farar ƙasa a hankali har ya yi kogo inda ido ba ya gani. A ƙarƙashin dutsen kuma ga yumɓun da ake kira na Dange, mai kumbura in ya sha ruwa, ya tsuke da rani. Tsofaffin masu haƙar rijiya sun riga mu sanin wannan; tambaye su sau nawa suka fasa dutse suka faɗa laka. Da a kan baƙin dutsen Kwatarkwashi kake gini, da ban matsa maka haka ba.

Ka bari a huda ƙasa, ko da wuri biyu ne, a zaro dutsen kamar rake a jera a akwati. Ka tsaya da kanka a auna gutsattsarin da tsawonsu ya kai santimita 10. In jimillarsu ba ta kai rabin zurfin da aka huda ba, kada birkila ya zuba kankare sai injiniya ya sake zanen harsashin.

Ka gaida magina, a kai digar maƙera.