Ba Hannuna Ne Ya Mutu Ba

Tudun Wada, Zariya

Zuwa ga aminina Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya sanyi, ya karatu, ya kuma zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai hunturu da ya sauko da ƙarfinsa bana, hazo ya rufe gari, har hantsi ba a hango dutsen Kufena. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na biya na gaida Umma. Tana nan garau. Ta ce in gaya maka ka daina kiranta a bidiyo kanka ba hula, wai sanyin Turai ta kunne yake shiga.

To mutumina, ka san dogon rubutu ba halina ba ne. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da ka yaɓa mini daren Asabar da muka fito daga gem, wasan harbin nan da muke bugawa ta intanet, da ka ce hannuna ya mutu tun da na fara zaman shago. Na yi dariya a lokacin, amma wallahi maganar ta kwana da ni. Na so in rama a take, sai muryata ta riƙa yankewa, kai kuma kana ta "me ka ce? me ka ce?" kamar tsohon da ake wa raɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Rubutu dai ko sabis na tafiyar hawainiya zai iso maka cikakke.

Abin da ka gani a wayarka a daren nan ba shi na gani a tawa ba. Ka tuna mun rage mu huɗu, mu biyu, su biyu. Aka harbe ka, ka faɗi a bayan ƙonanniyar mota kana ta kirana in zo in tashe ka. Ni ina zaune a matakalar benenmu, mataki na bakwai, wurin da ka sani, inda sabis ya fi kamawa, na ƙudundune cikin bargo, yatsuna sun yi sanyi ƙalau. Na jefa hayaƙi, na sheƙa da gudu, na iso kanka, na danna. A wayata har na ga da'irar ta kai rabi. Sai lambar nan ta kusurwar allo, da take kan 170, ta rikiɗe ta koma ja, ta haura 400, ta je ta buga 999. Komai ya tsaya cak. Wanda ke harbinmu ya daskare da ƙafa ɗaya a sama kamar zalɓe a bakin rafi. Bayan daƙiƙa uku ko huɗu sai aka fizgo ni baya, kamar akuyar da ta manta an ɗaure ta, na tsinci kaina a filin da na baro, a kwance, an riga an gama da ni. Kai kuma ka ce abin da ka gani ni ne tsaye ƙiƙam a tsakiyar fili kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Duk mu biyun gaskiya muka faɗa. Kawai dai saba, kwamfutar da ke alƙalancin wasan, taka ta ɗauka.

Ka san Kabiru ɗan wajen Baba Ƙarami, wanda ke karatun injiniyan kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello. Washegari ya biyo shago, na kai masa ƙara, sai ya yago bayan kwalin taliya ya zana mini abin da biro. Ya ce in fara cire wa raina cewa a wayata ake buga wasan. Ana buga shi ne a wata kwamfuta da ke can wani gari, ita ce saba, ita ce alƙali. Wayata ɗan aike ce kawai. Idan na danna gudu, sai ta aika wa saba cewa wane ya yi gudu, amma don kada in gaji da jira sai ta nuna mini ina gudun tun kafin amsa ta dawo. Wato daɗin baki take yi mini. In amsar alƙali ta zo daidai da abin da ta nuna, shi ke nan. In saƙon ya ɓace a hanya, alƙali bai san na motsa ba, sai a mayar da ni inda ya san ya bar ni. Fizgar da aka yi mini ke nan.

Lambar da muke kallo kuwa, wadda yara ke ce wa fing, lokacin da saƙo ke ɗauka ne ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Nan ne Kabiru ya yi mini lissafin da ya kashe mini jiki. Ya ce haske a cikin wayar gilashin nan da ake binnewa yana cin wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kilomita 200 a kowace milisakan. To saƙona in ya tashi daga ƙarfen sabis na unguwarmu sai ya gangara Legas, ya faɗa teku. Kebul ɗin MainOne kaɗai, wanda aka fara aiki da shi a 2010, kilomita 7,000 ne tsakanin Legas da Fotugal. Daga Fotugal kuma a bi ƙasa zuwa Jamus. In ka tara duka ana maganar wajen kilomita 10,000 zuwa, 10,000 dawowa. Milisakan 100 ke nan cif, kuma fa wannan in hanya fetal take, ba tsayawa ko ɗaya. Ko zinariya na sayo a matsayin waya, ko ƙarfen sabis aka kafa mini a tsakar gida, ba zan sauko ƙasa da wannan ba muddin sabar tana can.

Kai fa? Kana zaune kusa da Farankfot, garin da ke da ɗaya daga cikin manyan mahaɗun intanet na duniya, inda kamfanonin gem da yawa suke ajiye sabobinsu na Turai. Maƙwabcin alƙali ne kai. Da bakinka ka ce mini taka lambar ba ta wuce 20. Kai da 20, ni da 170 ranar da aka yi sa'a, sannan ka ce hannuna ya mutu! Haba Nura. Ai ko damben Sallah ne ba a haɗa wanda aka ɗaure wa ƙafa da wanda ke sake.

Amma ba na so in ɗora wa teku laifin komai, don nisa abu ne da mutum ke sabawa da shi. In lambar za ta tsaya a 170 ba ta motsi, na iya zama da ita. Na koyi harbin inda mutum zai je, ba inda yake ba, kamar maharbin kurciya. Abin da ke kashe mu shi ne rawar da take yi. Daga bayan sallar isha'i zuwa sha ɗaya na dare, duk Tudun Wada na kan waya, mai kallon fim, mai TikTok, mai kiran bidiyo, dukkanmu a kan ƙarfe guda. Ga shi in an ɗauke wuta, kafin injin da ke gindin ƙarfen ya kama, sai ka ga sabis ya lumshe ido ya buɗe. Wannan lumshewar ta daƙiƙa biyu ba komai ba ce ga mai karanta saƙo. Ga mai gem kuwa ajali ce.

Sai kuma nasu laifin, masu wasan, wanda shi ya fi ci mini rai, don nan ba ruwan nisa, ba ruwan ƙarfen unguwa. Ka tuna daren da suka buɗe sabon zango? Na kwana biyu ina lallaɓa data, na sauke sabuntawarsu mai kusan giga biyu da tsakar dare don ta fi araha, kuma ka san tun farkon 2025 da aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100, data ta zama abin da ake auna wa da cokali. Muka shiga, sai ga zoben nan yana ta juyawa, wai ana haɗa mu da saba. Minti ashirin. Da muka samu shiga, ƙofa ba ta buɗuwa sai an danna sau uku, ka ɗauki bindiga ta koma ƙasa, mota na tafiya tana tsalle kamar a hanyar ƙauye da damina. A ranar kai ma da kake maƙwabcinsu sau biyu aka watso ka waje, har ka yi wata ashar da ban san ka iya ba. In gaya maka gaskiya, na ɗan ji sanyi a raina. Ka ɗanɗana abin da muke ci kullum.

Kabiru ya ce sabar ma tana da nata numfashin. Akwai wadda ke lissafa halin da wasa ke ciki sau 20 a daƙiƙa, wata sau 64, wata har 128. In jama'a suka yi mata yawa sai ta kasa cika ko nata adadin, kowa ya shiga hangin, wato daskarewa, na kusa da na nesa. Su kuma kamfanonin hayar injinan suke yi, daidai da yawan mutanen da suka saba gani, ba daidai da ranar cinkoso ba. Kamar tashar Kwangila ce ranar jajibirin Sallah: motocin jiya ne, fasinja ne suka ninka. Na gane wannan, ni ma ɗan kasuwa ne, ba na sayo buhu hamsin don cinikin kwana ɗaya. Amma direban tasha bai sa ranar Sallah ba. Su kuwa su suka sa ranar da kansu, suka yi wata guda suna shela, sannan jama'a su zo su ce ba su zata ba.

Abu biyu ne ba zan yafe musu ba. Na farko, in sabarsu ta tofar da kai tsakiyar wasa, sai su rubuta cewa kai ne ka gudu, su zabge maka maki, wani lokaci har su hana ka shiga na 'yan mintuna don ka yi hankali. Sati uku na yi ina tara makin nan tsakanin mai sayen sukari da mai sayen omo, dare ɗaya suka kwashe. Na biyu, ka taɓa ganin shagonsu ya yi hangin? Ni dai ban taɓa ba. Wasa na iya daskarewa, murya ta yanke, amma ka leƙa inda ake sayar da riguna da fentin bindiga, fes yake buɗewa kamar an share. Washegari kuma su turo saƙon ban haƙuri da kyautar wata hula mai kunnen zomo. Hular me zan yi da ita?

Na gwada duk dabarun da ake faɗa. Na canza layi, na sayi ƙaramar rauta na rataye ta a taga da igiyar takalmi, na rage kyawun hoto har mutane suka koma kamar 'yan tsana. Na koma sabar Gabas ta Tsakiya don a taswira kamar ta fi kusa, lambar ta ƙara hawa. Na gwada ta Afirka ta Kudu, ita ma ba ta canza zani ba. Kabiru ya ce saƙo ba taswira yake bi ba, kebul yake bi, kuma wani lokaci sai ya fara zuwa Turai kafin ya juyo Afirka. Kamar mai zuwa Samaru daga Kongo ne ya bi ta Kaduna.

Kai ba ka nan lokacin da muka ga iyakar abin. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, farkon azumi, manyan kebul huɗu suka samu matsala a teku wajen gaɓar Kodebuwa, har da wancan na Fotugal ɗin. Ba gem kaɗai ba, har tura kuɗi ta banki ya gagara mutane da yawa. Yaran shagon gem na bayan layinmu suka haƙura da na intanet, suka koma buga ƙwallo su biyu-biyu a benci guda, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda muke yi ni da kai a Sabon Gari muna sakandare, wanda aka ci ya biya kuɗin wasa ya kuma sayi awara. Na tsaya ina kallonsu har aka kusa kiran magariba. Ba wanda ya ce sabis ne ya ci shi. In an ci ka, an ci ka.

Ka ga Nura, da don wasan ne kawai da tuni na goge shi, wayar ma ta huta da zafi. Amma tun da ka tafi, in ka cire gaisuwar Juma'a ta layi biyu, a ina muke haɗuwa? A waya in mun yi minti biyar mun ƙare zance, ya gida, ya aiki, shi ke nan. A cikin gem kuwa sai mu yi awa biyu, kana zagina ina zaginka, a tsakiyar harbi ka gaya mini malaminka ya dawo maka da babi na uku, ni in gaya maka yadda ake ciki da maganar gidan su Zainab. Shi ya sa in lambar nan ta koma ja raina yake ɓaci fiye da kima. Ba makin ba ne sosai. Ji nake kamar muna zaune a dakali aka zo aka ɗauke ka ana tsakiyar hira.

Ga shawarar da na yanke. Yanzu da kuke lokacin sanyi agogonmu ɗaya ne da naku, sai ƙarshen Maris za ku wuce mu da awa guda. Mu bar daren Asabar, mu koma safiyar Lahadi bayan asuba. A lokacin unguwa na barci, ƙarfen sabis nawa ne ni kaɗai, na gwada sau uku lambar tana zama tsakanin 140 da 150 ba ta rawa. Ba na buɗe shago sai tara. In ka yarda, wannan Lahadin ƙarfe shida da rabi. Ka zo da shirinka, kuma mu fara da ni da kai, gaba da gaba, kafin mu shiga da kowa, don a san hannun wa ya mutu.

Su Bala da Ɗanjuma suna gaishe ka. Bala ya ce in tuna maka alkawarin iyafis ɗin nan, nasa kunne ɗaya ya daina ji. In ka samu mai tahowa kafin azumi ka faɗa mini, Umma ta ce za ta haɗa maka yaji da kuka ya koma maka da su.

Naka har kullum,
Auwalu